Hoto na Tara a Kyamarar Kawu Atilio

Ku da kuka saba karanta ni a shafin nan kun san ni da baki, kun kuma san ba na ɓoye laifina. To na yau nawa ne ni kaɗai. Kar wata ta zo ƙasan rubutun nan tana cewa "Noe, yi haƙuri, tsautsayi ne." Ba tsautsayi ba ne, kwaɗayi ne.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Noelia, shekarata ashirin da shida, ina zaune da Mama da kakata a tsohon gidanmu na unguwar Aguada, nan Montevideo. Sana'ata, wadda Mama ke kira tonon bola, ita ce sayen tsofaffin kyamarori a kasuwar Lahadi, in goge su, in sa su a gwanjon intanet. Ƙananan daga kan gadona nake sayar da su. Masu daraja kuwa gidan gwanjon Don Heber nake kaiwa, ya kulle a akwatin gilashi, ya sa hotonsu a shafinsa, duniya ta yi ta tayi har ranar rufewa.

Ruwan da aka tafka cikin Afrilu ya jiƙa bangon ɗakin Abuela, kakar tawa. Ranar da Mama ta kai ta wurin likitan ƙafa sai na ce bari in yi abin kirki, in janye tsohon sif ɗinta mai madubi daga jikin bango kafin katakon ya ruɓe. Ina ja sai wani fallen katako na ƙasa ya ɗaga. A ƙarƙashinsa, cikin buhun fulawa da ya koma ruwan ƙasa, ga ta nan kwance.

Baƙar kyamara ce ƙirar Jamus, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin wadda ake ratayawa a wuya a riƙe daidai cibiya, a sunkuyar da kai a leƙa ta sama. Ko ƙwarzane babu. Maratayinta na fata ne da aka kitsa da hannu, aka ɗinke bakinsa da jan zare. Na duba 'yar tagar lamba da ke gefe, na ga ta tsaya a kan goma. Sai da na zauna daɓas a ƙasa. Goma na nufin an ɗauki hoto tara, kuma fim ɗin yana nan ciki yana barci.

Duk ɗan harkar nan ya san abin da hakan ke yi wa farashi. Akwai masu sayen da ba kyamarar ce ta dame su ba, rayuwar mutanen da ke naɗe a ciki suke so. Na ce a raina ai tarkacen marigayi kakana ne, mutumin da ko murfin kwalba ba ya yarwa. Ban tambayi kowa ba, don na san in na tambayi Mama sai na sha wa'azi. Kafin su dawo na kai wa Don Heber, na sa hannu a takarda, na rubuta bayanin da kaina: "Da fim a ciki. Ba a taɓa buɗewa ba."

Da yamma saƙo ya shigo wayata. Fermín ne.

"Na ga mai ido biyun da kika sa. Ina kika samo ta?"

"A gida."

"Kin tambayi mutanen gidan?"

"Kai ne mai gidan?"

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina kallon ɗige-ɗigen nan uku. Can ya turo: "Maratayin nan ba na kanti ba ne, Noe. Wani ya zauna ya yi wa wani."

Na tura masa fuskar nan mai juya ido, na kife wayar.

Fermín mai gyaran kyamara ne, yana da ɗan shago da ɗakin wankin hoto a baya. Shekara biyu ke nan yana bina da rigar sanyinsa guda, ruwan toka, mai faci a gwiwar hannu. Magana sai ka roƙe shi. Mama ba ta ƙaunar ganinsa, ta ce warin tsami yake, kuma gaskiyarta, ruwan wankin hoto ya kama masa yatsu. In ya zo gidanmu ana zagayawa da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu da ake sha karɓa-karɓa, sai ta ba Abuela, ta ba ni, ta tsallake shi kamar kujera ce babu kowa. Shi kuwa ko a jikinsa. Ni ma ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, na dai yi ta ja wa bawan Allah rai.

Ranar ashirin da tara ga wata, ranar cin ñoquis, 'yan curin dankali da fulawa, Abuela ta gayyace shi abincin rana. Kowa da kwabonsa a ƙarƙashin faranti don neman arziki, yadda aka saba. Mama na sanye da shuɗiyar rigar girkinta, tana zuba miyar tumatir tana zuba min magana tare.

"'Yar Nilda ta samu aiki a banki. Da kujerarta, da hutun shekara."

"Allah ya sanya albarka."

"Ke kuma kina nan kina shaƙar ƙurar matattu, ke da abokin tonon naki."

Fermín ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na zaro waya na buɗe shafin gwanjon. "Duba nan, Mama. Mutum goma sha ɗaya ke kokawa a kan bolar tawa, daga ƙasa huɗu."

Ba ta sa tabarau ba, ta ture wayar da bayan hannu, wayar ta zame ta tsaya a gaban Abuela. Abuela ta ajiye cokali.

"Nena, jikata, ƙara min girman wannan."

Na buɗa hoton da yatsa biyu. Ta kai fuskarta dab da gilashin, ta daɗe.

"Ni na ɗinka," ta ce. "Baƙin zare ne ya ƙare min, na sa ja. Ya ce jan ma ya fi kyau."

"Wa, Abuela?"

"Atilio."

Ludayin hannun Mama ya koma cikin tukunya.

Kawu Atilio yayan Mama ne. A shekarar saba'in da shida, zamanin mulkin soja, yana da ashirin da biyu, wasu mutane suka zo da mota marar lamba suka tafi da shi daga bakin titi, har yau. Washegari kakana ya tattara duk hotunan gidan ya ƙona a murhun gashin nama, don kar a zo bincike a ga fuskokin abokansa. Abin da ya tsira hoto ɗaya ne da aka samo wurin maƙwabta, yana ɗan shekara bakwai, haƙoransa biyu sun faɗi. Shi Abuela ke ɗagawa a allo duk ashirin ga Mayu, ranar da iyalan waɗanda aka ɓatar ke tattaki shiru a babban titi. Kowace uwa da hoton saurayinta ko budurwarta, ita da na yaro mai wawulo.

"Muryarsa tana kunnena," Abuela ta ce, ba da kowa take ba. "Hannuwansa na sani, har tabon da ke babban yatsa. Fuskar ce ta gudu min. Shekara uku ke nan in na rufe ido sai in ga yaron nan na allo."

Sai Fermín ya buɗe baki, a hankali, ya kira Abuela da sunanta. "Doña Chela, akwai fim a ciki. Hoto tara."

Ta juyo ta kalle ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. "To je ki karɓo min ɗana."

Na fita ko riga ban sake ba, Fermín na biye da ni. A hanya ya faɗi abin da ni ma na sani nake gudun tunawa. Mun sha wanke irin waɗannan fina-finan, sai ka ga kowa a ciki ban da mai kyamarar, don shi kullum yana bayanta. Na ce ya rufe min baki.

Don Heber ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge ido. "'Yata, na tausaya. Amma tun da tayin farko ya shigo, ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Da fim aka tallata ta, da fim za a sayar. Ke kuma kin san mai kaya ba ya taya kayansa." Ga ta can cikin gilashi, taku uku tsakaninmu, da 'yar takardar lamba a maratayin da kakata ta ɗinka. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Gwanjon zai rufe ranar Lahadi ƙarfe biyar na yamma. Kwana shida Mama ba ta yi min magana ba, sai dai in tarar da abincina a rufe. Ranar Lahadin aka tashi da yayyafi, ta soya torta frita, fanken garinmu, kamar yadda ake yi duk ranar ruwa, ba wanda ya taɓa. Ƙarfe huɗu Fermín ya shigo a jiƙe, da kwamfutarsa cikin leda.

"Ina babur ɗinka?" na tambaya.

"Yana hutawa."

"A ina?"

"Wurin sabon mai shi. Matsa min in zauna."

Na matsa masa. Babur ɗin nan har suna ya raɗa masa.

Masu tayi suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Fermín da wani mai lamba 214. Duk sanda Fermín ya ƙara, kafin in ƙifta ido wancan ya haye. Ba fushi, ba gaggawa, kamar mai hawan bene. Saura minti ɗaya Fermín ya zuba iyakar abin da ke hannunsa. Na riƙe hannun Abuela. Allon ya yi kore na ɗan lokaci, sannan ya koma ja, aka rubuta "An sayar."

Abuela ta zare hannunta, ta gyara mayafin kafaɗarta. "Aƙalla wani zai gan shi," ta ce, ta shige ɗaki.

Na fashe da kuka a kan teburin. Fermín ya bar ni na yi mai isata, sannan ya turo min kwamfutar. "Rubuta masa. Don Heber zai isar. Kar ki yi ciniki, kar ki yi ado. Faɗa masa abin da kika yi."

Na rubuta. Na ce ni ce na sayar da kawuna ba tare da na tambaya ba. Na ce kakata shekararta tamanin da tara, kuma ashirin ga wata saura kwana goma sha biyar. Na ce ban da hakkin roƙonsa komai.

Kwana biyu shiru. Ranar Laraba da safe ina goge baki, saƙo ya shigo daga Don Heber, ya turo amsar mai lamba 214. Dattijo ne a Osaka, sunansa Kurihara. Ga abin da ya ce, na hardace shi:

"Gidanmu ya ƙone ina ɗan shekara biyar. Ba ni da hoton mahaifiyata. Shi ya sa nake sayen fim ɗin mutane, in wanke, in kalli iyayen wasu. Kyamara na saya, ban sayi ɗan kowa ba. Ku cire fim ɗin. In ya fito, a aiko min da kwafi ɗaya, ina so in gaishe shi."

Jama'a, na tsaya da buroshi a baki ina karantawa har sau huɗu. Mutumin da bai san mu ba, a can ɗaya gefen duniya. Wato akwai irin waɗannan bayin Allah suna yawo a doron ƙasa, mu muna nan muna faɗa a kan kujerar banki.

A gaban Don Heber Fermín ya cire fim ɗin. Bai yarda ya murɗa hannun kyamarar ba, ya ce shekara arba'in da takwas ba wasa ba ce, zai iya tsagewa. Ya sa ta cikin baƙar jakarsa mai hannun riga biyu, ya zura hannuwansa, ya rufe ido. Minti goma yana lalube, gumi na bin goshinsa, leɓensa na motsi. Na tsaya ina kallon mutumin nan da nake tura wa fuska mai juya ido. A nan ne, a gidan gwanjo, tsakanin tsofaffin agogon bango, na gane na daɗe ina sonsa.

Washegari ya wanke, ya shanya. Na tura masa saƙo: "Ya fito?"

"Sun fito, da hazo kaɗan."

"SHI nake tambaya."

"Hoton jikin fim ɗin ƙarami ne, na taran kuma ya yi duhu. Ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Ku zo gobe ƙarfe goma, da Doña Chela."

Abuela ta sa rigarta ta zuwa coci, baƙa mai farin leshi a wuya, har da ɗan kunnen aurenta. Mama ta ce ita rakiya kawai ta zo, ta ɗauko filas a hammata da ƙoƙon mate a hannu. Muka cushe a ɗan ɗakin, Fermín ya ba Abuela kujera a gaban tasar ruwan wanki, ya kashe fitila ya kunna jar. Fuskar kowa ta koma ja.

Ya haska takarda ta farko, ya tsoma a tasa, ya ɗora hannun Abuela a gefen. "Riƙa jijjiga a hankali, Doña Chela. Ke za ki fito da su."

Farar takarda ce, babu komai. Sai wata inuwa ta fara tasowa, sai igiyar shanya, sai wata mace mai baƙin gashi da maƙalin shanya a baki tana harara.

"Ni ce," Abuela ta ce. "Na ce masa kar ya ɗauke ni haka."

Na sha ganin hoto yana fitowa a ruwa, amma ban taɓa ganin hasken wata safiya da ta wuce tun kafin a haife ni ya taso ya tarar da mai shi a zaune ba.

Na biyu kare ne. Na uku kakana yana hura wuta. Na huɗu yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da kitso biyu, ta murguɗa baki, na ji Mama ta ja numfashi a bayana. Na biyar titinmu, na shida teku, na bakwai teku. Na takwas takalma a bakin ƙofa. Duk wanda ya fito Abuela sai ta ce "To," ta miƙa hannu a sa na gaba.

"Saura ɗaya," Fermín ya ce.

Da farko wani dogon abu ya fito mai kusurwa huɗu, da zanen fure a sama. Na gane shi nan take, madubin sif ɗin Abuela ne. Sai kafaɗu, sai farar riga, sai kyamarar kanta a daidai cibiya da hannu biyu riƙe da ita. Mai irin wannan kyamarar in zai ɗauki kansa a madubi sunkuyawa yake yi, abin da ake samu tsakar kai ne kawai. Na taɓa ganin irinsu sun fi ashirin. Na rufe ido.

"Ya ɗago," Fermín ya ce. "Noe, buɗe idonki. Ya ɗago kai."

Yana kallonmu. Gashi har kunne, siririn gashin baki, gira mai kauri irin ta Mama, gefen bakinsa ɗaya ya ɗaga kamar an faɗi abin dariya yana dannewa.

Abuela ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ruwan. "Ga ka nan," ta ce. "Ashe haka kake. Kuma ba ka yi askin da na ce ba."

Fermín ya ɗauraye hoton, ya kunna farar fitila, ya manna shi a allo yana ɗiga. Na ji ƙarar murfin filas, Mama ta zuba ruwan zafi a ƙoƙo. Ta wuce Abuela, ta wuce ni, ta miƙa wa Fermín, ba ta kalle shi ba.

"Sha, ɗana," ta ce. "Ka sha tsayuwa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ita kuma ta laluba jaka ta sa tabarau, ta matsa kusa don ta ga yayanta da kyau. Sai na ga bayanta ya sandare.

A cikin madubin, bayan kafaɗar Kawu, inda duhu ya fi yawa, ana ganin bakin gado. Akwai mutum zaune. Budurwa ce mai gajeren gashi, tana dariya, ta ɗora hannu ɗaya a kan cikinta, cikin kuma ya turo riga sosai.

"Wace ce wannan a kan gadona?" Abuela ta tambaya.

Mama ta dafa bango. "Graciela, budurwarsa," ta ce da ƙyar. "Ni nake kai musu wasiƙa. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai ya faɗa miki da kansa. Bayan an tafi da shi ban ƙara ganinta ba, Mama. Yarinya ce ni, tsoro nake ji. Ban ma san da cikin ba."

Na ga leɓen Fermín na lissafi. Ni ma na yi nawa. In an haifi abin da ke cikin nan, yau ya ba arba'in baya, yana wani wuri yana yawo da girar gidanmu.

Fermín ya yi gyaran murya. "Na allon tattakin, Doña Chela, zan iya yanko fuskarsa kawai in ƙara mata girma."

Abuela ta miƙe tsaye ba tare da sandarta ba. Ta kai yatsa kusa da jiƙaƙƙiyar takardar, daidai kan hannun yarinyar, ba ta taɓa ba.

"Kar ka yanke komai," ta ce. "Buga min shi duka, da girma, yadda na ƙarshen layi zai gani. Ranar ashirin ga wata duk garin nan zai fito. Wani zai gane uwarsa."